Wanzamin da Ya Ajiye Aska Don Ƙanensa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kam babu mai ja. Abin da nake ja da shi shi ne maganganun da kunnena ya jiye mini a zaman makokin wan mijina, su ne suka sa na ce sai na faɗi nawa kafin a gama lalata masa suna.

Mata sun cika tsakar gida ranar, tabarmi har bakin rijiya. Wata baƙuwa daga Babura ta ce, "Allah sarki, mutumin kirki, sai dai taurin kai." Ta kusa da ita ta karɓe: "Ai da yanzu shi ne Sarkin Aska. Ya ɗauki gadon iyaye ya watsar saboda wani ƙarfen Turawa." Muryoyin maza kuma suna tsallako katanga daga zaure. Na ji wani tsoho yana cewa shi dai bai taɓa ganin wanzamin da ya mutu ba shi da zabira ba sai wannan. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka shafa fatiha. Akwai masu kukan gaskiya, ban ce babu ba. Wani direban babbar mota ya zo tun daga Kanya Babba, yana share hawaye da hularsa, yana rantsuwa cewa tun da ya fara aski a wurin marigayi bai taɓa ganin jininsa ba.

Ni ina bakin murhu ina dama kunun baƙi, na haɗiye abin da ke bakina don ranar ba ta faɗa ba ce. Amma idona yana kan ƙofa ɗaya. Ɗakin mijina ne, an sa masa sakata ta waje. Ƙanen mamacin ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya kamata ya zauna a kan tabarmar zaure a riƙa yi masa gaisuwa. An kulle shi wai sumarsa ta yi yawa, kada baƙi su gani. Jana'iza ba a bar shi ya je ba. Ko gaya masa ba a yi ba.

To, bari in faɗi yadda aka yi.

An kawo ni gidan nan daga Roni shekarar da aka ba da mulkin kai. Gidan wanzamai ne kaka da kakanni a Kazaure. Babban gida shi ne Baba Tsoho, ƙanen mahaifin mijina, kuma shi ke riƙe da sarautar Sarkin Aska ta unguwarmu. Wan mijina kuwa Yaya nake ce masa, ban taɓa kama sunansa ba. Dogo ne siriri, goro a kunci kullum, fara'a sai da dalili. In ya gaishe ka sau ɗaya da safe ya gama da kai har gobe. Amma hannunsa! Askin suna, ƙaho, kaciya, duk garin an san shi ne zai gaji Baba Tsoho, ba ma a tattaunawa.

Ina goyon 'yata ta fari sanƙarau ya shigo gari, ya kama mijina. Ya tashi, amma bai tashi duka ba. Ya zama mai shiru, yana magana shi kaɗai, ya yini yana tukar igiya da kula da awaki. Sallarsa ba ta wuce shi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abu ɗaya ne: kaifi. In ya ga ƙarfe mai kaifi sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya nemi hanyar gudu. Ko wuƙar yankan kuɓewa sai na juya masa baya nake amfani da ita. Ku duba fa, a gidan da kowane namiji ke rataye da askake a kafaɗa.

Sai suma ta taru. A ƙasarmu kuwa magidanci da suma a ka, in ba ɗan tauri ba ne, to mahaukaci ne, ba na uku. Baba Tsoho ya ce wannan abin kunya ba zai zauna a gidan wanzamai ba. Wata Juma'a da hantsi aka kira maza, aka kayar da shi a tsakar gida, wani ya hau ƙafafu, wasu suka danne hannuwa. Ina leƙe ta zana. Yaya ne aka miƙa wa askar, don shi ya fi kowa hannu. Mijina yana ihu yana kiran sunan mahaifiyarsu da ta daɗe da rasuwa. Ya fizge kai, askar ta tsarge masa saman kunne, jini ya wanke wuyan riga. Ya sami ƙafa ɗaya ya kai shuri, ta sauka a ƙirjin Baba Tsoho, rawani ya yi gefe.

Kafin la'asar an yanke hukunci. Akwai wani malami a ƙauyen da ke bayan Gwiwa mai sa masu taɓin hankali a turu, wato a zura ƙafar mutum cikin gungumen itace a kulle. Can za a kai shi. Washegari yayana da muke ciki ɗaya ya iso daga Roni a kan keke, ya tsaya a soro ya ce, "Haɗa kayanki, aure ya ƙare." Na ce masa, "Yaya, wallahi ko akushi ba zan ɗauka ba. Mijina bai sake ni ba." Ya ce ni ma ashe a turun ya kamata a sa ni. Na ce to a haɗa mu gungume ɗaya.

Wan mijina kuwa sai da ya bari aka kwana. Da aka fito sallar asuba ya durƙusa gaban Baba Tsoho ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa bayan girbi. In ban gyara kansa ba, ni da kaina zan kai shi." Ya hau motar Kano. Ya dawo da wani ɗan akwatin gwangwani a hammata.

Injin aski ne na hannu, irin wanda ake matsawa kamar almakashi, bakinsa yana ƙas-ƙas-ƙas. Ba injin ne ya kai shi Kano ba. Abin da ya je nema shi ne wasu 'yan matazai da ake maƙala wa bakin injin, waɗanda ake kira kum. Akwai mai dogayen haƙora, akwai matsakaici, akwai ƙarami. In an maƙala kum, shi ke kwanciya a kan fata, kaifin yana can sama yana cin gashin da ya leƙo. Ƙarfe ba ya taɓa mutum ko kaɗan. Gwargwadon tsawon haƙoran kum, gwargwadon gashin da zai rage a ka.

Bai kusanci ƙanensa da shi ba. Ya zauna a tsakar gida inda mijina ke tuka, ya jingina madubi a jikin turmi, ya shiga aske kansa da kansa, kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Ya fita gari da ɗan gashi tsaye a kai, 'yan uwansa wanzamai suna dariya wai an yi masa sassabe an manta ba a yi huɗa ba. Wata ranar ya ajiye kum ɗin kawai, ba inji, kusa da igiyar. Mijina ya ɗauka, ya jujjuya, ya goga a tafin hannunsa.

"Yaya, wannan ba ya yanka."

"Ba ya yanka."

"To mene ne aikinsa?"

"Tsare ka. Yana nan tsakaninka da ƙarfen, sai ya ba da hanya za a taɓa ka, shi kuwa ba ya bayarwa."

Gero ya fara fitar da kai kafin mijina ya yarda ya zauna. Yaya ya sa na wanke masa sumar da sabulu, aka bar ta ta bushe sarai, aka taje ta a hankali har cukurkuɗewar ta warware, don ya ce kum ba ya shiga gashi mai jiƙa ko mai ƙulli, sai dai ya fizga. Ya miƙa wa ƙanensa babban kum ya ce shi zai maƙala da hannunsa. Ya fara daga ƙeya yana hawa sama, yana matsa injin da sauri amma yana tafiyar da hannu sannu-sannu. Mutumin da ba ya magana, ranar bakinsa bai rufu ba. "Zan taɓa ƙeya yanzu. Ga ni a bayan kunne. Na naɗe kunnen da yatsa, ka ji? Na wuce." Ina ƙofar ɗakin girki riƙe da muciya, tuwo ya kama a tukunya ban sani ba.

Baba Tsoho ya zo ya duba, ya taɓe baki ya ce wannan ba aski ba ne. Yaya ya ce, "A ƙara mini Juma'a, Baba." Ya sauko zuwa matsakaici. Bayan an kwana biyu ya sauko zuwa ƙarami. A nan ya tsaya, kuma a nan ya tsaya har ƙarshen ransa, bai taɓa ɗora bakin inji tsirara a kan ƙanensa ba. Hula ta zauna daram. Ranar da aka fara yankan gero mijina ya bi sahun maza zuwa masallacin Juma'a, maganar turu ta mutu.

Masu cewa ya watsar da gado, ku saurara nan, don ga inda gadon ya tafi. Yaya bai daina aikin aska ba da farko. Sai wata safiya ana suna a maƙwabta, mijina ya bi akuyarsa da ta kwance, ya leƙa zaure ya ga wansa da aska tsirara a kan jariri. Ya ruga. Sai da yamma aka same shi a cikin duwatsun bayan gari, ya cusa kansa tsakanin manyan duwatsu biyu, ƙafafu duk ƙaya. Daga ranar in ya hango Yaya sai ya shige ɗaki. Suma ta fara dawowa, Baba Tsoho ya fara gyaran murya.

Yaya ya ɗauko zabirarsa, wadda ya gada daga mahaifinsu, da askake da ƙahonni da komai, ya sa aka fito da ƙanensa ya tsaya daga nesa yana kallo, ya ajiye ta a gaban Baba Tsoho. Tsohon ya miƙe tsaye.

"Kai, ka san abin da kake yi? Sarauta kake ajiyewa! Ka zaɓi mahaukaci a kan gadon ubanka?"

"Baba, shi ma ubana ne ya bar mini shi."

"To ka fita daga sahun wanzamai. Ba suna, ba kaciya, ba ƙaho. Ko gyaran gashin baki na ji ka yi da aska sai na tsine maka."

"Na ji, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Ya tashi ya kaɗe gwiwa. Da Baba Tsoho ya rasu, ɗansa aka naɗa. Yaya ya je ya yi masa mubaya'a da ɗan gashinsa tsaye a ƙarƙashin hula, ya dawo ya ci tuwonsa.

An sha wuya, ba zan ɓoye ba. Wanzami da suna yake ci, da kan rago da dammunan hatsi. Duk wannan ya yanke. Ya kafa benci a gindin wata bishiya kusa da kasuwa, ranar kasuwar Gwiwa kuma ya ɗaure akwatin gwangwaninsa a bayan keke. Da farko sai malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan doka ke zuwa, masu son a bar musu ɗan gashi. Matarsa, wadda nake kira Yaya Babba, ta sha cewa da ni, "Mijinki ya cinye mana naman suna." Tana faɗa tana dariya, amma na san ba duka ne wasa ba.

Kada kuma a ce na mai da shi waliyyi. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ni da shi mun yi ta. Wata rana na shafa wa mijina man shanu a ka don ya yi laushi, sai ga Yaya da akwati. Man ya toshe haƙoran kum, inji ya cije. Ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji: "Wace mai hankalin ce ta mai da kan mutum kaskon suya?" Na ce daga ɗaki, "Wadda ke wanke masa kan ce, ba mai zuwa ran Juma'a ya tafi ba!" Ya kwashe kayansa ya fita fuu. Da la'asar ya dawo da sabulu sabo ya ajiye a bakin ƙofata ya wuce, ni kuma ban ce na gode ba. Miyata ma bai taɓa yabawa ba, kullum gishiri ya yi yawa, kuma kullum sai ya suɗe kwano.

Akwai ranar da haƙorin ƙaramin kum ya ɓalle bai lura ba, tsinin ya karci mijina a tsakiyar kai. Ɗan karce ne, ko jini bai fito sosai ba, amma sai da aka koma baya, aka sake farawa daga ajiye kum kusa da igiya. Tun daga nan Yaya bai ƙara ɗora kum a kan kowa ba sai ya fara goga shi a cikin damtsensa, inda fata ta fi laushi. In ya ji ƙaiƙayi ko kaɗan, sai ya jefa shi a masai, kada wani ya tsinta.

Sai aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, arzikin fetur ya shigo, aka ja wutar lantarki. Samari suka fara tara suma da gangan, ikon Allah, abin da aka kusa sa mijina a turu dominsa ya zama ado. Kowa yana neman mai iya rage gashi ba tare da ya kwashe shi ba. Yaya ya kama shago ya sayi kilifa mai wuta. 'Ya'yan wanzaman da suka yi masa dariya su ma suka ruga suka sayo, suka cire kum suka yar wai yana ɓata lokaci, suna ta kwarzane mutane suna raba musu makero daga wannan kai zuwa wancan. Shi kuwa bayan kowane kai sai ya cire kum ya kakkaɓe da buroshi, ya tsoma a ruwan zafi, ya shanya. Layi ya yi tsawo, mutane suna tsaki, ko a jikinsa. In mai makero ya zo, yana da kum ɗinsa daban a wani gwangwani, kuma sai ya ce da shi ya wuce ɗakin shan magani.

Kullum da babban kum yake farawa, ko me mutum ya ce. Wani ma'aikacin gwamnati ya taɓa yi masa tsawa, wai shi ƙarami ya ce a sa masa, yana sauri. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda na bari ina iya dawowa in rage. In na zubar fa, a ƙasa za ka tsince shi?" Mutumin ya tashi da rabin aski ya tafi, Yaya ya kira na gaba. Kuma ba ya canza kum inji yana kunne. Sai ya kashe, ya maƙala, ya danna da babban yatsa har ya ji ya ce ƙas, ya girgiza ya ga bai motsa ba. Ya ce kum ɗin da bai zauna ba ya fi rashin kum haɗari, don mai aski ya saki jiki, sai ya zame a tsakiyar kai kaifi ya sauka.

Ƙanensa kuwa bai taɓa kawo masa mai wutar ba, ƙugin yana firgita shi. Kowace Juma'a da hantsi sai ya rufe shago, ko da mutum yana kan benci, ya ɗauko tsohon akwatin gwangwani ya taho gida.

Bara ciwo ya kama Yaya, hannunsa na dama ya fara rawa. Ɗansa guda yana aikin ofis a Kano, bai taɓa riƙe inji ba. Ni kuma 'ya'yana duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Wata rana ya aiko Yaya Babba ta kira ni. Na same shi a kishingiɗe, an kife tukunya a gabansa an lulluɓe ta da buzun rago.

"Zauna. Ɗauki injin."

"Ni? Yaya, mace?"

"Da namiji na gani da ban kira ki ba. Bakinki ya fi hannunki sauri, to yau hannun za mu gyara."

Na aske buzun nan har ya koma kamar tafin hannu, aka kawo wani. Yana zagina, ina ramawa, Yaya Babba tana gefe tana tsinkar zogale tana cewa mu ji tsoron Allah. "Kin fizga! Matsa kafin ki tafi! Kwantar da kum ɗin, ba tsaye ba, kina so ki huda shi?" Da na gama na ƙarshe ya shafa ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan kirari ne. Amma mijina ya ƙi zama. Duk Juma'ar da na fito da akwati sai ya ce, "A'a, Yaya zai zo." Haka suma ta taru har Allah ya karɓi abinsa.

Mu dawo wurin makoki. Ana gobe sadakar uku, Sarkin Aska na yanzu, ɗan Baba Tsoho, ya tsaya a soro ya sa aka kira ni. Ya ce, "Kin ga mai lallaɓa mijinki ya tafi. In baƙi suka watse za mu kira maza a aske shi yadda aka saba, in ya ƙi kuma, wancan gidan na bayan Gwiwa yana nan, ɗan malamin ya gaje shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, yadda aka saba ɗin ne ya raba masa kunne." Ya ce ba da mace zai yi gardama ba. Na ce ai kuwa ya yi dabara.

Da gari ya waye, tsakar gida cike da mata, na je na zare sakatar nan da hannuna. Wata gwaggo ta ce, "Ke, me za ki yi?" Ban kula ta ba. Na shiga da akwatin a hannu na durƙusa gabansa. Yana zaune a bakin gado, igiya a hannu amma ba ya tuka.

Na ce, "Malam, Yaya ya rasu. An binne shi shekaranjiya."

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Na ji kukan. Na ɗauka za a zo a gaya mini."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na tura duk gidan ciki. Na ce, "Ga shi na gaya maka. Mutane suna zaure suna gaisuwa, kuma kai ne ƙanensa. Ba ka fita da wannan kan ba. Yaya ba zai zo ba. Ni ce."

Ya dubi akwatin, ya dubi hannuna. Ya tashi ya fito ya zauna a kan turmi a tsakiyar mata. Sai salati ya tashi daga nan da can. Na wanke sumar, muka jira rana ta busar da ita, na taje, duk idanu a kanmu. Wata ta ce, "Yau ga abin da ba a taɓa yi ba, mace da askin namiji a gidan wanzamai!" Yaya Babba, tana cikin takaba, ta ɗago kai daga kan tabarmarta ta ce, "Mijina ne ya koya mata. Mai magana ta zo ta faɗa mini."

Na buɗe akwatin. Na goga babban kum a damtsena, na maƙala, na danna har ya ce ƙas. Na ce, "Zan taɓa ƙeya yanzu." Na ji wuyansa ya sandare a ƙarƙashin yatsuna, sannan ya saki. Furfura ta riƙa zuba a kan zanena. Na bi da matsakaici, na bi da ƙarami. A wajen tsohon tabon kunnen nan na tsaya na ce masa ga ni a wurin, ya ce, "Wuce." Hawaye suna bin kuncinsa, bai motsa kai ba ko sau ɗaya.

Na ɗauko masa farar riga da hula. Ya sa, ya nufi zaure shi kaɗai, ba wanda ya riƙe shi. Na bi shi har bakin soro na tsaya a bayan ƙofa. Na ji motsin tabarma, ana matsawa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi. Ku kuma masu cewa ya mutu ba zabira, ku ci gaba da faɗa, bakinku ne. Ni dai ina tsaye a bayan ƙofar nan na ji liman ya gyara murya, ya fara da wanda ya kamata a fara da shi, ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Bayansa Sarkin Aska, dole ya miƙa hannu, sannan sauran jama'a ɗaya bayan ɗaya. Mijina yana amsa wa kowa da muryar da na daɗe ban ji ba: "Alhamdu lillahi. Wana ne. Ku yi masa addu'a."